Wa aka ɗora wa rage hayaƙi, mu ko su? Amsa kan rabon nauyi a yarjejeniyoyin sauyin yanayi

Wani ɗan'uwa ne ya yi min tambaya, bari in kawo ta a taƙaice. Ya ce shi fa ya gaji da jin ana ce mana mu bar girki da itace, mu bar fetur da gas, alhali Turawa ne suka cika sama da hayaƙi tun zamanin kakanninsu. To wai a yarjejeniyoyin nan da ake ta sa wa hannu, kowace ƙasa kaso ɗaya aka ɗora mata ko akwai bambanci? Kuma me ya sa har yau ake lissafa Chaina cikin masu tasowa tare da irin su Nijar?

Toh ɗan'uwa, kaso ɗaya dai ba a taɓa ɗora wa kowa ba. Amma yadda ake rabon ya canza sosai daga 1992 zuwa yau, kuma abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina karanta takardun nan ina koyar da su shi ne, lokacin da dokar take da haƙori mutane kaɗan ta kama, da aka faɗaɗa ta ta kama kowa kuma sai aka cire mata haƙoran. In ka riƙe wannan sauran duk bayani ne.

Fara da dalilin da ya sa ake maganar tarihi ma. Iskar kabon da ake samu in an ƙona kwal ko fetur ko gas ba ta watsewa kamar hayaƙin murhu, wani kaso nata yakan zauna a sama ɗaruruwan shekaru, don haka zafin da muke sha yau tarin abin da aka zuba ne tun lokacin da Ingila ta fara kunna injina da kwal. In aka tara duka tun daga wancan lokaci, Amurka ita kaɗai tana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Afirka gaba ɗayanta kuwa wajen kashi 3 cikin ɗari. In kuma ka raba bisa kan mutum, Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 na iskar kabon a shekara, ɗan Chaina wajen 8, ɗan Indiya wajen 2, ɗan Najeriya ɗan fiye da rabin tan, ɗan Nijar kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya. Katar ta haura 30. Amma in ka tambayi wa ya fi fitarwa a bana, Chaina ce, kusan kashi 30 na duniya. Ka ga ma'auni uku kenan, kuma kowace ƙasa in ta shiga ɗakin taro wanda ya fi wanke ta take ɗauka. Amurka ta ce a duba na bana, Chaina ta ce a duba tarihi, Indiya ta ce a ƙirga kawuna.

Ni misalin da nake ba ɗalibai shi ne taransifomar unguwa ta ƙone an zo haɗa kuɗin gyara. Ga mai injin walda da firiza uku da AC a kowane ɗaki, ga mai ƙwan fitila ɗaya da cajin waya. In aka ce kowane gida ya kawo daidai ai an ci zalin mai ƙwai ɗaya, balle ma mai waldar ne ya ƙona ta. Wasu masana biyu 'yan Indiya, Anil Agarwal da Sunita Narain, tun 1991 suka kawo irin wannan hujja, suka ce dole a bambanta hayaƙin jin daɗi da hayaƙin neman tsira, wato ba za ka haɗa hayaƙin ƙatuwar motar mai kuɗi da na gonar shinkafar talaka ka ce duk tan ne ba. Wannan tunani shi ya shiga taron Rio de Janeiro na Birazil a 1992, inda aka fara sa hannu kan uwar yarjejeniyar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fara aiki a 1994. A sashe na 3 aka rubuta ƙa'idar da har gobe a kanta ake faɗa: nauyin na kowa ne, amma ya bambanta, kuma gwargwadon ƙarfin kowa. Aka ƙara da cewa masu arzikin masana'antu su za su shige gaba.

Kuma ba a bar ta a baki ba, jerin sunaye aka rubuta a bayan takardar. Jeri na ɗaya ya ƙunshi ƙasashen da ke ƙungiyar masu arziki ta OECD a lokacin, da Rasha da ƙasashen gabashin Turai da suka fito daga gurguzu, su aka ce su yi ƙoƙari su mayar da hayaƙinsu daidai da na 1990 kafin shekarar 2000. Jeri na biyu shi ne masu arzikin ciki kaɗai, ban da su Rasha, su aka ɗora wa ba da kuɗi da fasaha. Duk wanda sunansa bai fito ba shi ne mai tasowa, shikenan, ba wani ma'aunin kuɗin shiga da aka sa balle a ce in ka kai kaza ka haura aji. Nan asalin amsar tambayarka ta Chaina take. Hoto ne aka ɗauka a 1992 aka manna a bango. Koriya ta Kudu ta shiga OECD a 1996 amma tana nan a waje, Singafo da Saudiyya da Katar da Daular Larabawa duk a waje suke, layi ɗaya da Chadi. Turkiyya kuma akasin haka ya same ta, an sa ta cikin jeri biyun duka, ta yi ta ƙorafi sai a 2001 aka amince a cire ta daga na masu biyan kuɗi.

Akwai wani sashe da nake so duk mai wannan muhawara ya sani, sashe na 4 sakin layi na 7. Cewa ya yi gwargwadon yadda masu tasowa za su cika nasu ya rataya ne a kan yadda masu arziki suka cika alkawarin kuɗi da fasaha, kuma bunƙasa tattalin arziki da yaƙi da talauci su ne na farko a wajen masu tasowa, sun sha gaban komai. Da hannunsu suka sa wa wannan, har da Amurka, wadda majalisar dattawanta ta amince da yarjejeniyar tun 1992.

Sai aka ga maganar “a yi ƙoƙari” ba ta kai ko'ina. A taron farko na Berlin a 1995, wanda Angela Merkel ta shugabanta tana ministar muhalli ta Jamus, aka yanke cewa za a rubuta doka mai lamba mai wa'adi, amma kan 'yan jeri na ɗaya kaɗai, ba za a ƙara wa masu tasowa ko allura ba. Ita ce ta zama yarjejeniyar Kyoto ta Japan a Disambar 1997. Jimilla aka ce su rage wajen kashi 5 cikin ɗari ƙasa da na 1990 tsakanin 2008 da 2012. Tarayyar Turai kashi 8, Amurka 7, Japan da Kanada 6, Rasha ta tsaya inda take, Ostireliya aka yarda ta ƙara kashi 8, Aisland ta ƙara 10. Kar ka tambaye ni wane lissafin kimiyya ya ba da waɗannan lambobi, ciniki ne irin na kara, wanda ya fi taurin kai har asuba shi ya fi samun rangwame.

Ita kanta shekarar 1990 da aka ɗauka ma'auni akwai wayo a ciki, kuma a nan nakan ɗan tsaya don mutane ba su cika lura ba. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, masana'antunta suka mutu, hayaƙin Rasha ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye ba tare da ta ɗaga yatsa ba, to da aka ce ta tsaya a matakin 1990 ai rara aka ba ta mai yawan gaske wadda za ta iya sayarwa. Jamus ta haɗe da gabashinta a 1990 ta rufe tsofaffin masana'antun can, hayaƙi ya sauka. Birtaniya kuma a shekarun nan ta koma ƙona gas maimakon kwal a tashoshin lantarki saboda ya fi arha. Duk sai suka shigo taro da riga fara. Sannan Turai a cikin gidanta ta sake yin rabon da ya fi na waje adalci: Jamus ta ɗauki ragin kashi 21, Birtaniya 12.5, amma Fotugal aka bar ta ta ƙara 27, Girka 25, Sifen 15, don su ma su samu su taso. Wato su ma sun san ba a yi wa babba da yaro ɗinki ɗaya, in dai 'yan gida ne.

Kyoto tun kafin a haife ta aka yi mata baki. A Yulin 1997 majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95 ba ko ɗaya a ɗaya ɓangaren, ƙudurin da ake kira Byrd-Hagel, cewa ba za su karɓi duk wata yarjejeniya da ta ɗaure Amurka ta bar masu tasowa ba. Gwamnatin Clinton ta sa hannu amma ko kai ta majalisa ba ta yi ba, Bush ƙarami ya zo a 2001 ya ce shi ba ruwansa. Sai da Rasha ta amince a ƙarshen 2004 sannan ta fara aiki a Fabrairun 2005. Hukuncin wanda ya kasa kuwa shi ne a zango na gaba ya biya giɓin da ƙarin kashi 30 a kai, to Kanada da ta ga ta zarce nesa sai kawai ta sanar da ficewa a Disambar 2011, ba abin da ya same ta. Zango na biyu da aka tsara a Doha a 2012, Japan da Rasha da Niyu Zilan suka ce ba da su ba, waɗanda suka saura a ciki kuwa hayaƙinsu bai wuce kashi 15 na duniya ba. Wani abin dariya da ya shafe mu, ana buƙatar ƙasashe 144 su amince kafin gyaran Doha ya zama doka, Najeriya ce ta cike ta 144 ɗin a farkon Oktoban 2020, sai ya fara aiki ranar 31 ga Disamba 2020, ranar da wa'adinsa ke ƙarewa. Ihu bayan hari kenan na gaske.

Abin da aka ce masu tasowa za su samu a Kyoto shi ne wata kasuwa, inda kamfanin Turai ko Japan zai zuba kuɗi a aikin rage hayaƙi a ƙasarka ya karɓi takardar shaida ya cike nasa kason da ita. Fiye da rabin takardun a Chaina aka samar da su, Indiya da Birazil da Koriya suka kwashi mafi yawan saura, Afirka ɗan abin da ta samu bai taka kara ya karya ba, don sai kana da hayaƙi da yawa ne ake biyanka ka rage. Daga baya ma farashin ya rushe ya koma ƙasa da yuro ɗaya.

Ana cikin haka duniya ta juya. Wajajen 2006 Chaina ta wuce Amurka a hayaƙin shekara, kuma ga wani lissafi mai ɗaci da 'yan ɓangarenmu ba sa son ji: kusan rabin duk kabon da ɗan Adam ya taɓa fitarwa daga kwal da mai da gas, bayan 1990 aka fitar da shi. Ko da jeri na ɗaya duk sun kashe injinansu gobe, in Chaina da Indiya da sauran manya suka ci gaba yadda suke, zafin ba zai tsaya ba. A Kopenhagen a 2009 aka so a ɗinke sabuwar yarjejeniya abin ya watse, aka tashi da wata 'yar takarda da Obama ya ƙulla da Chaina da Indiya da Birazil da Afirka ta Kudu, taron ma bai amince da ita ba cewa kawai ya yi ya gan ta. Amma a cikinta tsarin yau ya tsiro, kowa ya faɗi abin da zai yi da bakinsa. A Durban a 2011 aka yarda sabuwar yarjejeniya za ta hau kan kowa. Sai a Nuwamban 2014 Obama da Xi Jinping suka fitar da sanarwa a Beijing suka liƙa wa tsohuwar ƙa'idar Rio wata 'yar jela, “bisa la'akari da yanayin kowace ƙasa”. Kalmomi kaɗan ne amma su suka rushe katangar da ta raba masu arziki da masu tasowa.

Yarjejeniyar Paris ta 12 ga Disamba 2015 ko ambaton jeri na ɗaya da na biyu ba ta yi ba. Tana cewa masu ci gaba da masu tasowa amma ba ta faɗi su waye ba, da gangan. Kowace ƙasa ita za ta rubuta nata alkawari, abin da suke kira NDC, ta miƙa, duk shekara 5 ta kawo sabo da ya fi na baya. Miƙa takardar wajibi ne, kawo rahoto wajibi ne, ɗaukar matakai a gida da niyyar cikawa wajibi ne, amma cika lambar da ka rubuta ɗin kanta ba a ɗaure ka da ita ba, kwamitin da ke duba bin doka ma an rubuta ƙarara ba ya hukunta kowa. Bambancin da ya rage shi ne an ce ya kamata masu arziki su ci gaba da jan gaba da ragi na zahiri a duk tattalin arzikinsu, masu tasowa kuma ana ƙarfafa musu gwiwa su kai can sannu a hankali, an sassauta musu wajen rahoto, mafiya talauci irin su Nijar da Chadi da Sudan da ƙananan tsibirai an ƙara sassauta musu. Najeriya da Gana da Kamaru ba sa cikin wannan rukuni na mafiya talauci, a lura.

Kalmar “ya kamata” ɗin nan akwai labari a kanta. A daftarin ƙarshe, sashe na 4 sakin layi na 4, “shall” aka rubuta, wadda a bakin lauyoyi dole take nufi. Lauyoyin Amurka suka gano ana dab da rufe taro, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin John Kerry ya ce in ba a mayar da ita “should” ba Amurka ba za ta iya shiga ba, don dole tana nufin sai an kai majalisar dattawa, can kuwa kabari ne. Aka tsayar da taro fiye da awa guda, sannan aka sanar cewa kuskuren masu buga takarda ne saboda gajiya, aka gyara, shugaban taron Laurent Fabius ya buga guduma. Nauyin da aka faro tun Berlin da kalma ɗaya aka sauke shi. Kuma duk da wannan lallashi Trump ya fitar da Amurka, Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya dawo a Janairun 2025 ranar da aka rantsar da shi ya sake sa hannun fita.

Ni dai ban ce Paris banza ce ba, Kyoto mai haƙorin ai ba ta hana hayaƙin duniya hauhawa ba. Amma gaskiya wanda ya ci ribar sassaucin shi ne mai babban kaso. Ɗan Nijar me aka sassauta masa, me yake fitarwa dama?

Yanzu mu zo gida. Ba wanda ya rubuta wa Najeriya lamba. Gwamnati ce da kanta ta ce a 2015 za ta rage kashi 20 da ƙarfinta, 45 in an tallafa mata, a 2021 ta mayar da na biyun 47. Kuma ragin da ke cikin waɗannan alkawura biyu ba daga abin da ake fitarwa a lokacin ba ne, daga abin da aka yi hasashen za a kai a 2030 ne in ba a yi komai ba, ka ga hayaƙin zai iya ƙaruwa kuma a ce an cika alkawari. Buhari ne ya je Glasgow a 2021 ya ce Najeriya za ta kai matakin da abin da take fitarwa bai wuce abin da take shanyewa ba a 2060, shekara ɗaya da wadda Chaina ta ɗauka, Indiya kuwa 2070 ta ce. Na daɗe ina mamakin wannan gaggawa tamu wallahi. Raba alkawari gida biyun nan, wanda zan yi da kaina da wanda sai an biya, shi ne sashe na 4 sakin layi na 7 na Rio ya dawo ta taga, kuma yawancin ƙasashen Afirka haka suke rubuta nasu. Shi ya sa faɗan rabon nauyi yanzu ya tashi daga kan tan ya koma kan dala.

A Kopenhagen masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. A lissafin OECD, wato ƙungiyarsu, sai 2022 suka cika, kuma mafi yawan kuɗin gwamnati da ke ciki bashi ne. Ka yi tunani, ya ƙona taransifoma sannan ya ranta maka kuɗin gyara da ruwa ya rubuta a littafinsa cewa ya taimaka. A Baku a 2024 masu tasowa suka nemi tiriliyan 1.3, aka tashi da biliyan 300 a shekara zuwa 2035, masu arziki “su ja gaba”, kuɗin kuma daga kowace kafa har da 'yan kasuwa da bankuna, tiriliyan 1.3 ɗin aka bar shi a matsayin kira ga kowa da kowa. Wakiliyar Indiya ta tashi ta yi watsi da shi bayan an riga an buga guduma, ta Najeriya ma ta ce abin dariya ne. Maganar asara da ɓarna kuwa, wato ambaliya ta riga ta ci gari ba maganar kariya ake ba, tun 1991 ƙasar Vanuwatu ta tekun Pasifik ta kawo ta a madadin ƙananan tsibirai irinta. A Paris an ba ta sashe na 8, amma a takardar da ta raka yarjejeniyar aka rubuta cewa wannan ba ya nufin ɗaukar laifi ko biyan diyya. Sai a Sharm el-Sheikh na Masar a 2022, shekarar da ruwa ya ci Pakistan ya kuma kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, aka yarda a buɗe asusu. A Dubai a 2023 alkawuran farko suka kai wajen dala miliyan 700. Daular Larabawa miliyan 100, Jamus miliyan 100, Amurka miliyan 17.5. Miliyan fa na ce.

To ita Chaina fa? Hujjarta ba ta banza ba ce. Kan mutum ɗaya har yanzu ba ta kai Amurka ba ko kusa, tarihinta bai kai nata ba, kuma wani kaso na hayaƙinta na kayan da ake ƙera wa wasu ne, don a ƙa'idar lissafi inda aka ƙona nan ake rubutawa ba inda aka ci moriya ba, wayar da ke hannun Bature hayaƙinta a littafin Chaina yake. Sannan ba wanda ya kai ta kafa sola da injinan iska, arhar solar da muke sa wa a rufin gida daga can ta zo. Amma kan mutum ɗaya ta wuce Tarayyar Turai tuntuni, tarin tarihinta ma ya zo kafaɗa da kafaɗa da na Turai. Tana ba da kuɗi, amma ta dage a kira shi taimakon 'yan'uwa na ganin dama, kar a kira shi wajibi. A ra'ayina zaman Afirka a inuwa ɗaya da Chaina da Saudiyya cikin ƙungiyar masu tasowa ta G77 takobi ne mai kaifi biyu. Yana ba mu murya, don in Nijar ta tashi ita kaɗai ba mai juyowa, amma kuma sau da yawa da talaucinmu ake kare masu rijiyoyin mai da masu kwal, Turawa su kuma su fake da cewa ba za su ƙara ko sisi ba sai waɗancan sun shigo cikin masu biya, mu muna tsakiya. Canza jerin kuwa kusan ba zai yiwu ba, a tarukan nan da yardar kowa ake yanke abu, tun 1995 an kasa amincewa da ƙa'idar kaɗa ƙuri'a, wa zai ɗaga hannu ya ce a sa shi cikin masu biya? Kotun Duniya da ke Hague ta ba da fatawa a Yulin 2025 cewa ƙasashe ba su da 'yancin rubuta duk abin da suka ga dama a NDC kuma wanda ya yi sakaci ana iya neman hakki a wajensa, sai dai fatawa ce ba hukuncin da ake tilastawa ba.

Kuma ba wai rabo mai adalci ba ya yiwuwa ba ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan sinadaran firiji da ke huda rufin ozon, wato iskar da ke tare mana mugun hasken rana daga can sama, ta ɗora wa kowa dole, amma ta ba masu tasowa jinkirin shekara 10, daga baya aka ƙara asusu na gaske da ke biyan kuɗin canji, kuma ta yi aiki. Sai dai canza gas ɗin firiji daban, canza abin da ke juya tattalin arzikin duniya daban.

Matsin da kake ji a jikinka, ɗan'uwa, yawanci ba daga takardun nan yake zuwa ba, daga gefensu ne. A Glasgow ƙasashe da bankunan raya ƙasa fiye da 30 suka yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas a ƙasashen waje, Osinbajo yana mataimakin shugaban ƙasa ya yi ta rubutu yana cewa hana Afirka kuɗin gas zalunci ne. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 gas ɗin Rasha ya yanke, sai ga shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz a Senegal yana maganar gas, a 2023 kuma ga shi a Abuja. Ga kuma harajin kabon na kan iyaka da Tarayyar Turai ta ƙirƙiro, an fara gwajinsa a Oktoban 2023, kan siminti da ƙarfe da alminiyom da taki da lantarki da haidurojin. Shi ba ruwansa da kai mai tasowa ne ko mafi talauci, in za ka sayar a kasuwarsu ka biya daidai da ɗan gida, ƙasa irin Mozambik da ke kai musu alminiyom ita za ta ji a jika. Rabon da aka sha wahala aka rubuta a Rio, a bakin kwastan ake goge shi.

Batun itace kuwa, babu sashe ko ɗaya a Rio ko Kyoto ko Paris da ya hana mace hura murhu. In gwamnati ta sa girki mai tsafta a NDC ɗinta ita ta zaɓa, kuma akwai dalilan da suka fi na Paris kusa da mu, hayaƙin da ke cin huhun mata da yara a madafa, da dajin da ke ƙarewa ana kai buhunan gawayi birni. Wanda ya fi dacewa a fara tambaya a ƙasar nan shi ne gas ɗin da ake ƙonawa a banza dare da rana a Neja Delta, Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yin haka a duniya, alhali uwar gida a Gusau ta ajiye silinda ta koma gawayi saboda kilo ya fi ƙarfinta.